Babi na Shida: An Ce Ya Yi Aiki, Ba a Faɗi Yadda Aka Yi Ba

A watan Disamba na 2006, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga wani rahoto daga jihar Michigan ta Amurka wanda ya ja hankalin duk mai kula da asibiti. Mara lafiyar da ke kwance rai a hannun Allah a ɗakin kulawa ta musamman, galibi akan zura masa siririn bututu cikin babbar jijiyar wuya ko ta ƙirji, ta nan ake ba shi ruwa da magani. Bututun yana ceton rai, amma ta nan ɗin dai ƙwayoyin cuta kan samu hanyar shiga jini, kuma idan suka shiga ba kowa ke tashi ba. Dakta Peter Pronovost na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa suka nemi likitocin jihar su riƙe abubuwa biyar, waɗanda babu sabo ko ɗaya a cikinsu: a wanke hannu, a lulluɓe mara lafiya da tsabtataccen mayafi likita kuma ya sa hula da takunkumi da riga da safar hannu, a goge fata da chlorhexidine, a guji zura bututun ta matsematsi, sannan a cire shi da zarar buƙatarsa ta ƙare. Ɗakuna 103 ne suka ba da alƙalumansu. Kafin a fara, a kowane kwana 1,000 da bututu ya yi a jikin marasa lafiya akan samu kamuwa 7.7 a matsakaici. Bayan shekara ɗaya da rabi abin ya sauko zuwa 1.4.

Labarin ya zaga duniya, sai dai a hanya ya zube fiye da rabi. Abin da ya isa kunnen mutane shi ne wai wata 'yar takardar tuni mai layi biyar ta kawar da cuta. A 2009 hukumar kare lafiyar majinyata ta Ingila ta ɗauki shirin, ta sa masa suna Matching Michigan, ta shigar da ɗakunan kulawa ta musamman fiye da 200 rukuni-rukuni. Kamuwar ta ragu, gaskiya ne. Amma da aka duba da kyau sai aka ga tana raguwa har a ɗakunan da layi bai zo kansu ba tukuna, wato da shirin da babu shi dama ƙasar tana kan hanyar gyaruwa. Mary Dixon-Woods, masaniyar zamantakewar al'umma, ta tura masu bincike suka zauna a ɗakuna 17 suna kallon yadda ake aiki. Ɗaki ɗaya tak suka samu wanda shirin ya sauya shi da gaske. Biyar sun ƙara ƙaimi a kan abin da dama suke yi, sauran 11 kuwa kusan babu abin da ya motsa.

Ita Dixon-Woods ɗin ce, tare da Pronovost da wasu, suka koma baya a 2011 suka rubuta abin da ya faru a Michigan dalla-dalla, shekaru biyar bayan rahoton farko. An ba ma'aikaciyar jinya ikon tsayar da likita idan ya tsallake mataki, kuma shugabannin asibiti sun tsaya mata. An tanadi keken kaya guda mai ɗauke da duk abin da ake buƙata, don kada a ce mayafi ya ƙare. Asibitocin suna magana da juna a kai a kai ta waya da tarurruka, kowa yana ganin alƙaluman ɗan'uwansa, babu wanda ke son a ce shi ne na baya. Likitocin da kansu suka daina ɗaukar cutar a matsayin abin da ba makawa, suka koma ganinta a matsayin sakaci. Wasu daga cikin waɗannan an ambace su a rahoton 2006, amma cikin 'yan layuka, kuma ba a bayyana cewa su ne ƙashin bayan aikin ba. A Ingila kuwa ma'aikata da yawa sun karɓi shirin a matsayin wani umarni da aka jefo musu daga sama.

Wannan shi ne ciwon da babin nan yake magana a kai. Bincike yana iya zama gaskiya tsantsa, lissafinsa daidai, amma wanda ya karanta shi ya kasa maimaita shi, domin abin da ya sa aikin ya ci ba ya cikin takardar.

Dokokin rubuta rahoton binciken lafiya ba su daɗe ba. A 1994 Douglas Altman, masanin ƙididdiga ɗan Ingila, ya rubuta wata gajeriyar maƙala a mujallar BMJ inda ya nuna cewa da yawa daga cikin binciken da ake bugawa ba shi da inganci, kuma abin kunya ne yadda kowa ya saba da hakan. Shekaru biyu bayan haka, a 1996, aka fitar da CONSORT, jerin tambayoyin da ake so duk wanda ya gwada magani ta hanyar raba mutane kashi biyu da ƙuri'a ya amsa a rahotonsa. Yaya aka yi ƙuri'ar? Mutum nawa suka fara, nawa suka zame a hanya, kuma don me? Sakamakon da kake murna da shi, shi ne ka ce za ka auna tun farko ko kuwa daga baya ka tsince shi? Sauran nau'o'in bincike suka bi sahu, STROBE a 2007, PRISMA a 2009. A 2008 aka ƙaddamar da cibiyar EQUATOR, wadda Altman ya jagoranta, don tattara irin waɗannan ƙa'idoji wuri ɗaya, kuma a yau akwai ɗaruruwansu a ma'ajiyarta.

A wannan shekarar ta 2008 Paul Glasziou da abokansa suka yi wani ɗan gwaji mai sauƙi. Suka ɗauki rahotanni 80 da aka riga aka tace aka ce suna da muhimmanci ga likita, suka tambayi kansu: idan mara lafiya ya zo gobe da safe, za mu iya yi masa wannan maganin daga abin da aka rubuta kawai? A 41 daga ciki amsar ita ce a'a. Matsalar ta fi tsanani a inda maganin ba ƙwaya ba ne, kamar motsa jiki ko nasiha ko koyar da mara lafiya. Daga nan ne a 2014 Tammy Hoffmann da Glasziou da wasu suka fitar da TIDieR mai tambayoyi 12, mai neman a faɗi me aka yi, wa ya yi, a ina, sau nawa, da wane kaya.

Duk wannan gyara ne a kan tambaya ɗaya: shin maganin yana aiki? Akwai tambaya ta biyu wadda ta fi ci wa talaka tuwo a ƙwarya. An san yana aiki, to yaya za a yi ya isa ga mai buƙatarsa? Masu wannan fanni suna yawan ambaton wani ƙiyasi na shekarar 2000, na Balas da Boren, cewa sakamakon bincike kan ɗauki shekaru 17 kafin ya zama aikin yau da kullum. Ni ban cika dogaro da wannan adadi ba, don ƙiyasi ne da aka haɗo daga 'yan misalai na Amurka, amma jinkirin da yake nunawa mun gan shi da idonmu. Tun 1995 wani babban gwaji na ƙasashe da yawa ya tabbatar da cewa allurar magnesium sulphate ta fi diazepam nesa ba kusa ba wajen hana jijjiga maimaituwa ga mai ciki. Allura ce mai araha. Amma sai a 2008 ne wani shiri na ƙungiyar Population Council ya shigar da ita manyan asibitoci 10 na jihar Kano, da horo da rubutaccen tsarin aiki da tanadin maganin. Farfesa Jamilu Tukur da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa mutuwa a tsakanin masu jijjiga da masu matsanancin hawan jinin ciki ta sauko daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa 2.3. Bincike ne na kwatanta kafin da bayan, saboda haka ba za a rantse cewa allurar kaɗai ta yi duka ba. Duk da haka, shekaru 13 ne tsakanin sani da aikatawa, kuma mata ne suka biya kuɗin waɗannan shekarun.

Binciken da ke nazarin wannan rata ya samu mujallarsa ta kansa a 2006, mai suna Implementation Science, wadda Martin Eccles da Brian Mittman suka fara shiryawa. Sai dai fannin ya taso da tsohon ciwon. Hilary Pinnock, likita kuma farfesa a Jami'ar Edinburgh, da Stephanie Taylor ta Jami'ar Queen Mary ta Landan, sun gamu da shi lokacin da suke tattara binciken da aka yi a kan yadda asibitoci ke taimaka wa masu doguwar jinya irin asma su kula da kansu. Gano rahotannin ma aiki ne, don kowa da sunan da yake ba aikinsa. Waɗanda aka gano kuma ba su faɗi yanayin wurin ba, ba su faɗi mutum nawa aka rasa isa gare su ba, ba su faɗi ko ma'aikata sun bi tsarin yadda aka shata shi ba. Suka nemi ra'ayin masana daga ƙasashe daban-daban zagaye bayan zagaye, aka yi zaman kwana biyu, sannan a 2017 BMJ ta buga abin da ake kira StaRI, mai tambayoyi 27.

Abin da ya bambanta StaRI da sauran shi ne ta tsaga takardar gida biyu. Gefe ɗaya na maganin ne ko aikin lafiyar da ake so ya isa ga jama'a. Ɗaya gefen na dabarar da aka bi aka isar da shi ne. Kowanne sai an faɗi hujjar zaɓensa, an bayyana shi, an auna sakamakonsa daban. Manomi ya san kyan iri daban, iya shuka daban: idan gona ta ƙi, sai ka san ko irin ne ya mutu ko kuwa an shuka shi ne bayan ruwa ya ɗauke, in ba haka ba baɗi za ka zubar da iri mai kyau ko ka sake binne marar kyau. Rahoton da ya cakuɗa biyun ba ya barin mai karatu ya gane wanne ne ya ci, wanne ne ya faɗi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a yankin Sahel haɗin sulfadoxine-pyrimethamine da amodiaquine sau ɗaya a wata, har wata huɗu, a lokacin da sauro ya fi yawa. Gwaje-gwajen da aka dogara da su sun nuna raguwar zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin 100. Wannan shi ne gefen magani, kuma layi biyu sun ishe shi. Gefen isarwa kuwa shafuka yake ci. Ranar farko mai rabo ne ke ba yaro maganin a gabansa, amma na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari. To wa ya koya mata, da wane harshe, kuma wa ya dawo ya duba? Gida-gida ake bi ko a ƙofar mai unguwa ake taruwa? Masu rabon mata ne da za su iya shiga gidan da aka rubuta ba a shiga, ko maza ne da za su tsaya a zaure? A farkon shirin ƙwayar amodiaquine mai tauri ce mai ɗaci, sai an daka an haɗa da sukari da ruwa, yara suna tofarwa, kafin a samu mai narkewa mai ɗan zaƙi. Idan yaro ya yi amai ana sake ba shi? Kwana 28 ya kamata a bari tsakanin zagaye da zagaye, to idan mota ta maƙale a laka ko alawus ɗin masu rabo ya makara aka kai kwana 40 fa?

Shirin ACCESS-SMC, wanda ƙungiyar Malaria Consortium ta jagoranta a 2015 da 2016 a ƙasashe bakwai, ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi, ya buga sakamakonsa a Lancet a 2020, kuma abin da ya burge ni a rahoton shi ne bai tsaya ga yabon maganin ba. Ya nuna cewa a kowane wata ana isa ga kusan kashi uku cikin huɗu na yaran, amma waɗanda suka samu dukkan zagaye huɗun sun ɗan haura rabi ne kawai. Ya nuna inda aka fi samun isa sosai a kai a kai shi ne inda ake bi gida-gida. Ya faɗi kuɗin: dala 3.63 a kan kowane yaro a damina guda. Kwamishinan lafiya zai iya zama da waɗannan alƙaluma ya yi kasafi. Da jimlar ƙwayoyin da aka raba kawai aka ba shi, miliyan kaza, da sai ya ɗauka kowane yaro ya samu kariya.

Tambaya ta 7 a StaRI tana neman a bayyana yanayin wurin, ta 23 kuma tana neman a faɗi abin da ya sauya a wurin ana cikin aiki. A ganina nan ne rahotanninmu suka fi yin shiru, kuma shirun ba na mantuwa ba ne. Idan likitoci sun tafi yajin aiki wata biyu a tsakiyar bincike, idan 'yan bindiga sun hana shiga ƙauyuka goma aka cire su daga lissafi, idan an yi wa ungozomar da aka horar canjin wurin aiki, idan magani ya yanke a sito, duk waɗannan sakamako ne, kuma wanda zai kwaikwayi aikin a Gusau ko Maraɗi ya fi buƙatar su fiye da komai. Haka nan abubuwan da ake jin nauyin faɗa: shirin ne ya sayi man janareta, shirin ne ya biya kuɗin mota ga mai sa ido, shirin ne ya ƙara wa ma'aikata ɗan abin sawa a aljihu. Ba laifi ba ne a biya mutum haƙƙin wahalarsa. Laifin shi ne a ɓoye, gwamnati ta karɓi aikin ba tare da wannan tanadi ba, ya mutu a hannunta, a ce ma'aikatanmu ne ba sa so.

Akwai jimla ɗaya da ta cika irin waɗannan rahotanni: an horar da ma'aikatan lafiya. Bitar kwana uku a otal, ana nuna hotuna a bango ana raba jaka, horo ce. Ƙwararriyar ungozoma ta riƙa zuwa ɗakin haihuwa kowane mako tana tsayawa kusa da ƙaramar ma'aikaciya har hannunta ya faɗa, shi ma horo ne. Tsakaninsu akwai tazarar sama da ƙasa a kuɗi da kuma amfani. Shi ya sa tun 2013 Enola Proctor da abokan aikinta suka ce duk dabarar da aka yi amfani da ita a faɗi wa ya yi ta, me ya yi takamaimai, wa aka nufa da ita, yaushe, sau nawa, kuma me ake sa ran ta sauya. Tambaya ta 22 a StaRI ta ƙara da cewa a faɗi yadda aka bi tsarin da kuma inda aka lanƙwasa shi don ya dace da wurin. Lanƙwasawa ba aibu ba ce, sau da yawa ma ita ce hikimar ma'aikatan wurin, amma sai an rubuta ta wani zai amfana.

Amfanin wannan tsaga ya fi fitowa fili idan aiki bai ci ba. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya an gwada takardar tunin haihuwa lafiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya a asibitoci 120, rabi da shirin rabi babu, a kan haihuwa kusan 160,000. Masu koyarwa sun yi wata takwas suna zuwa ɗakunan haihuwa. Sakamakon da Katherine Semrau da Atul Gawande da sauransu suka buga a 2017 ya nuna mutuwar uwa da jariri da munanan matsaloli ba su ragu ba ko kaɗan. Da a nan suka tsaya, sai kowa ya yi ta hasashe. Amma sun sa masu kallo sun ƙirga abin da ungozomomi ke yi da hannunsu. Bayan wata biyu, a asibitocin shirin ana cika kusan kashi 73 cikin 100 na matakan, a sauran kuwa 42. Bayan shekara guda, da masu koyarwa suka janye, ya sauko zuwa 62. Ashe dabarar ta sauya hali, ko da yake ba duka ba kuma ba dindindin ba, sai dai sauyin bai isa ya ceci rai ba a inda ƙwarewa ta yi ƙaranci, kayan aiki ba su cika ba, kuma tura mai naƙuda babban asibiti yake da wuya. Wannan rahoton rashin nasara ya fi rahotannin nasara da yawa amfani, domin ya nuna wa mai kuɗi inda zai sa kuɗinsa.

A ɗaya gefen akwai gwajin E-MOTIVE na 2023, a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 210,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ana shimfiɗa wa maijego wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, don a daina kintace da ido. Da zarar ya kai iyaka sai a yi komai a lokaci ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya: murza mahaifa, allurar oxytocin, tranexamic acid, ƙarin ruwa, dubawa, da kiran na gaba. Mummunar zubar jini ko tiyata ko mutuwa saboda jini ta kasance kashi 1.6 cikin 100 a asibitocin shirin, 4.3 a sauran. Masu binciken sun bayyana abin da ya ɗauki wannan haɗi ya kai shi gadon haihuwa: keke ko akwatin da aka tara kayan a ciki, atisaye a cikin asibitin, zaɓaɓɓun ma'aikata masu tsaya wa aikin, da mayar wa kowane asibiti alƙalumansa. Sun kuma auna: an gano zubar jinin a kashi 93 cikin 100 maimakon 51, an bi haɗin a kashi 91 maimakon 19. Duk jihar da ta sayi ledar ta bar sauran, ba za ta ce ba a gaya mata ba.

Tambaya ta 24 a kan illa take, da duk abin da ya faru wanda ba a nufa ba. Chlorhexidine ɗin da ake shafa wa cibiyar jariri an gwada shi a Nepal da Bangladesh da Pakistan, ya rage mutuwar jarirai a inda ake haihuwa a gida, kuma jihar Sakkwato na cikin wuraren farko a Afirka da suka raba shi ga jama'a da yawa, don ya maye gurbin gashin cibiya da tsumma da shafe-shafen da ke jawo cuta. Maganin lafiya lau yake a cibiya. Amma wani nau'insa ya zo a 'yar kwalba mai kama da ta maganin ciwon ido, aka samu waɗanda suka ɗiga wa jarirai a ido, wasu suka makance. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan haka bayan rahotanni daga ƙasashen Afirka da dama. Illar nan daga hanyar isarwa ta fito, daga siffar kwalba da rashin bayani ga uwar da ba ta karatu. Rahoton da ke duban magani kaɗai ba shi da gurbin da zai rubuta ta.

Ba na so a ɗauka cewa jerin tambayoyi zai gyara komai. Wani nazari na cibiyar Cochrane a 2012 ya nuna mujallun da suka amince da CONSORT rahotanninsu sun fi cika, amma har a cikinsu giɓi yana nan da yawa. Marubuci yana iya cike takardar a daren da zai tura maƙala, ya sa lambar shafi a gaban kowace tambaya, edita bai duba ba. Ƙa'idar rubutu kuma ba ta mayar da bincike marar kyau ya zama mai kyau, iyakarta ta sa a ga rashin kyansa. Wanda bai ƙirga kuɗin da ya kashe ba tun ranar farko, ba shi da abin da zai rubuta a ƙarshe, saboda haka lokacin karanta StaRI shi ne kafin a fita fili. Ƙorafin cewa mujallu suna ƙayyade yawan kalmomi ya rage ƙarfi, tunda yanzu ana iya liƙa ƙarin bayani a intanet, har da littafin horon da aka yi amfani da shi da katin da aka ba iyaye.

Abin da ya fi damuna ya wuce mujallu. Mafi yawan abin da aka koya a ƙauyukanmu game da isar da lafiya bai taɓa shiga mujalla ba. Yana cikin rahoton ƙarshen shiri da aka rubuta wa mai ba da tallafi, mai cike da hotunan taro da jerin nasarori, wanda ake rufe shi ranar da aka rufe ofis. Manyan mujallun da kowa ke iya karantawa kyauta suna cajin marubuci dubban daloli, kuma ko da wasunsu suna yafewa, malamin jami'a da ba shi da tallafin waje yakan haƙura tun kafin ya tambaya. Wanda ya san dalilin da ya sa matan wata unguwa suka ƙi karɓar magani a zagaye na biyu shi ne jami'in lafiya na ƙaramar hukuma da mai rabon da ta shiga gidajen, kuma sau da yawa ba su cikin marubuta, ba a ma tambaye su ba. Shi ya sa sashen bayanin yanayi ke fitowa fayau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lura da wannan giɓi, a 2017 ta fitar da ma'aunin rubuta rahoton shirye-shiryen lafiyar mata da jarirai da yara da matasa, wanda aka yi shi don masu gudanar da shiri, ba don masu bincike kaɗai ba. Ma'aikatar lafiya tana da ikon ta ce duk ƙungiyar da za ta yi aiki a jiharta sai ta bar rahoto a kan wannan ma'auni, da kuɗin da aka kashe da abin da ya ƙi, a ajiye shi inda ɗalibi da ɗan jarida za su same shi. Wannan ba ya buƙatar tallafin kowa.

StaRI da TIDieR suna nan kyauta a shafin EQUATOR, kuma kowaccensu ba ta wuce a karanta ta a zama ɗaya ba. Ina roƙon malaman da ke duba kundin ɗaliban lafiyar al'umma a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai su miƙa su ga ɗalibi tun ranar da ya kawo taken bincikensa, editocin mujallunmu kuma su mayar da duk maƙalar da ta ce an horar da ma'aikata ba ta faɗi wa ya horar da su ba, kwana nawa, da nawa aka kashe. Kai kuma mai karatu, idan ka ji a rediyo ana cewa wani shirin lafiya ya yi nasara a ƙaramar hukumarku, ka nemi sanin yara nawa ne ba a kai gare su ba, da kuma wanda zai ci gaba da biyan masu aikin idan baƙin sun tafi.